Sayen Kwamfutar Yara a Gidan Ma'aikaci a Kano

Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda 'yan kasuwa da ɗalibai ke kira laftof, ta shiga sahun kayan karatun da iyaye ke yi wa tanadi a Kano. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, duk mai neman gurbi a jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara irin wannan tsari da ɗalibai masu zaman kansu, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta bayyana aniyar mayar da jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO kan kwamfuta. Makarantun kuɗi da dama ma yanzu jingar da suke ba yara sai an yi bincike an buga ta. Yaron da bai taɓa sa hannu a kan madannai ba sai ranar jarrabawa, lokacinsa wajen lalube yake tafiya, ko da ya san amsa.

Nauyin wannan buƙata ya fi danne gidajen masu jiran ƙarshen wata, irin ma'aikatan waɗannan rukunan masana'antu na Kano: Bompai, wadda ta fi daɗewa, tun zamanin Turawa, Sharaɗa mai kashi uku, da Challawa ta wajen Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso, inda kamfanonin jima da na roba suke. Mai kula da inji, ko direban kamfani, ko akawun sito, da ke zaune a Ja'en ko Panshekara ko Dakata, lissafinsa a ƙididdige yake. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, gwamnatin Kano kuma ta tsayar da naira 71,000 ga ma'aikatanta. Ita kuwa laftof daga waje ake shigo da ita, farashinta dala yake bi. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Saboda haka kwamfuta mai ɗan kyau, ko da ta hannu ce, takan ci albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci. Yawanci da kwasar adashi ake sayenta, ko da rancen ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki. Kuɗin da aka tara da irin wannan wahala bai kamata a zuba shi a kan abin da zai mutu kafin a gama zubi ba.

Matakin farko shi ne a san aikin da za ta yi. A gida irin wannan aikin bai wuce buga rubutu, karanta littattafan PDF, gwajin tambayoyin JAMB, kallon darussan bidiyo, cike fom na makaranta, da lissafin sana'ar uwargida a Excel ba. Babu ko ɗaya cikinsu da ke buƙatar kwamfutar wasanni, ko fuskar da ake shafawa da yatsa, ko madannai masu hasken launi-launi. Waɗannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa. Wayar hannu tana iya yin wasu daga cikin ayyukan, amma ba ta koya wa yaro bugu da yatsu goma, ba ta kuma saba masa da zaman da zai yi a zauren jarrabawa.

Wanda ya shiga shagunan titin Beirut, ko kasuwar Farm Centre, ko Sabon Gari, iri uku zai tarar. Akwai sabuwa dal a kwali mai sauƙin kuɗi. Akwai tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka aka shigo da ita, yawanci ta kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas ko ta Dubai. Sai kuma ta hannu ta gida, wadda wani a nan ya mora ya sayar.

Ido ya fi karkata ga sabuwa, kuma a nan mutane da yawa ke yin asara. Sabuwar da kuɗinta ya yi daidai da aljihun ƙaramin ma'aikaci galibi firosesar Celeron ce a cikinta, da RAM gigabait 4 da aka liƙe a jikin allon ciki, da ƙaramar ma'adana mai suna eMMC ta gigabait 64 ko ƙasa da haka. Windows kaɗai zai cinye kaso mai yawa na wannan ma'adana. Bayan 'yan watanni sai ta fara nauyi, a kai wa mai gyara ya ce babu abin da za a ƙara mata, domin komai a liƙe yake. Jikinta roba ce mara kauri, kuma wurin da marfi ya haɗu da gangar jiki shi ke fara tsagewa a hannun yara. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan kasuwa kuwa ba ta ƙarko ma.

Zaɓin da ya fi dacewa da irin wannan gida shi ne tokumbo daga jinsin da aka ƙera domin ofisoshi: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, EliteBook ko ProBook na HP. Manyan kamfanoni a ƙasashen waje suna sayen su dubbai, su yi aiki da su shekara uku ko huɗu, su sallame su gaba ɗaya. Wannan ne ya sa suke da yawa a kasuwa, kuma yawan nasu shi ne babbar fa'idarsu: batirinsu, madannansu, fuskarsu da fankarsu duk ana samu a Kano, sabo ko na kwance, kuma masu gyara sun san cikinsu. An yi su ne da nufin a riƙa buɗewa ana gyarawa, da 'yan kusoshi a ƙasa, kamfanonin ma suna sakin littafin gyaransu kyauta a intanet. Ta hannu ta gida tana iya zama mai kyau, sai dai ta riga ta sha zafi da ƙura da wutar nan, don haka binciken da za a yi mata ya ninka.

Ba kowace tokumbo ce ta cancanci kuɗin mutum ba. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar firosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, ko AMD Ryzen da ta gaza jerin 2000, in ban da ƙalilan. Zubi na takwas ya fara fitowa ne a 2017. Gane shi ba wuya: a dubi lambar da ke bayan sunan firosesar. A i5-8250U, lambar farko 8 ce, zubi na takwas ke nan. A i5-6300U, na shida ne. Idan lambar ta fara da 10 ko 11, kamar i5-10210U ko i5-1135G7, na goma ne ko na sha ɗaya. ThinkPad T480, Latitude 5490 da 7490, da EliteBook 840 G5 duk na wannan zamani ne, amma a tabbatar da lambar, domin wasunsu sun fito da firosesar zubi na bakwai.

Masu shago sun san kalmar da ke jan hankali. Za a ji suna cewa, “Alhaji, wannan fa i7 ce.” Sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna komai. Irin i7 ta zubi na huɗu zuwa na bakwai da aka fi sa wa siraran laftof cibiya biyu gare ta ta aiki, alhali i5-8250U tana da huɗu. Wato i5 ta baya-bayan nan ta fi tsohuwar i7 ƙarfi, kuma sau da yawa kuɗinsu ba shi da nisa da juna. RAM kada ta gaza gigabait 8, kuma a tambaya ko akwai gurbin ƙari. Ma'adana ta zama SSD, gigabait 256 ya wadatar. Tsohuwar ma'adana ta HDD faifai ne ke juyawa a cikinta, tana da jinkiri, kuma faɗuwa ɗaya daga kan kujera tana iya tafiya da duk abin da aka ajiye. SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Kwamfuta mai HDD ta gigabait 1,000 da mai SSD ta 256, ta biyun ce ta gidan yara.

Batir shi ne inda lissafin Kano ya bambanta da na ƙasashen da aka ƙera kwamfutar dominsu. A tsarin da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta shimfiɗa, masu layin rukunin A an yi musu alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga musu kuɗin yunit zuwa naira 225. Amma zama kusa da masana'anta ba ya nufin gida yana kan layinta. Sau da yawa injin kamfani na ruri a ƙetaren titi, unguwa kuwa tana cikin duhu tana jiran kamfanin rarraba wuta na KEDCO. A ƙarshen Oktoban 2024 ma Kano da yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Lokacin aikin gida na yara kuma bayan magariba ne ko bayan isha, idan an dawo daga Islamiyya. Laftof da ba ta riƙe caji awa uku zuwa huɗu ba za ta yi amfani a wannan lokaci ba.

Ba a auna batir da bakin mai shago. Windows yana da hanyar faɗin gaskiya: a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai lambobi biyu masu muhimmanci, wato ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na farko 50,000 ne na biyu kuma 25,000, rabin batirin ya tafi, sai a rage kuɗin sabo daga cikin ciniki. A kuma ɗora kwamfutar a kan tebur a kalle ta daga gefe. Idan wurin shafa yatsa ya ɗan taso, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko tana rawa a kan tebur maimakon ta zauna daram, batirin ya kumbura. Irin wannan yana iya kama wuta, ba a shiga da shi ɗakin yara. T480 tana da wata fa'ida a nan: batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa da hannu a sauya.

Cin wutar laftof kaɗan ne. Cajarta wat 45 ce ko 65, ba ta kai tsohon ƙwan fitila mai wat 100 ba, kuma awa huɗu a jone bai wuce kusan rubu'in yunit ɗaya ba. Ƙaramar sola ta gida tana ɗaukarta. Da yawa daga cikin na zubi na takwas suna karɓar caji ta ramin USB-C, don haka babban fawabank mai fitar da wat 45 zuwa 65 yana iya ciyar da su. Haɗarin yana wajen ingancin wutar. Lokacin da aka dawo da ita da ƙarfi, ko janareta na sama da ƙasa, caja ce ke fara karɓar duka. Ta asali takan kare kwamfutar ko da ita za ta ƙone. Ta jabu, wadda ake ganewa da rashin nauyi a hannu da saurin zafi, takan bar wutar ta wuce ta ƙone allon ciki, gyaran da kuɗinsa ke kusan kai na wata kwamfutar. Ya kamata a dage a kan caja ta asali tun a wajen ciniki, a riƙa zare ta daga soket idan an ɗauke wuta, a kuma bari wutar ta daidaita kafin a mayar.

Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ba ta barin ko'ina, balle a unguwannin da manyan motocin kamfanoni ke tayar da ita dare da rana. Fankar laftof tana zuƙo iska daga ƙasa ta fitar ta gefe ko ta baya. Idan mai gyara ya buɗe wadda ta shekara ba a share ba, zai tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe bakin mafitar iskar, har sai an sa tsinke an ɗago ta. Alamar hakan ita ce fanka ta yi ta kuka, ƙasan kwamfutar ya yi zafin da cinya ba ta jurewa, aiki ya yi nauyi, wani lokaci ta mutu da kanta. Yara sun fi son ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma, waɗanda ke toshe ramukan ƙasa gaba ɗaya. Faranti mai faɗi ko guntun katako ya magance wannan. A kai ta shara sau ɗaya a shekara bayan hunturu, a rufe ta cikin jaka idan an gama, kada kuma a bar ta a mota ko kusa da taga da rana, domin zafi ne babban abin da ke tsufar da batir.

Ranar saye ba ranar gaggawa ba ce. Mai saye ya ware aƙalla rabin awa a shagon, in da hali ya tafi da wanda ya san kan abin kuma ba shi da la'ada a cinikin. Takardar da aka manna a jiki ba hujja ba ce, a buɗe Task Manager a ga firosesa da RAM da ma'adana da ido. A buɗe shafin rubutu a danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. A sa farin shafi ya cika fuska don ganin tabo ko layi. A gwada kowane rami da filash, a jona ta da intanet ɗin waya, a kunna kyamara da lasifika, a buɗe marfi a rufe sau da yawa a ji ko yana ƙara. Sannan a kashe ta a sake kunnawa a shiga shafin saiti na BIOS, da F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. Idan ta nemi kalmar sirri, a bar ta, komai kyanta. Haka wadda ke nuna sunan wani kamfani ko makaranta ta ƙasar waje lokacin saita ta, domin har yanzu tana ɗaure da su. Wannan matsala ta fi yawa a Chromebook, waɗanda makarantun Amurka ke sallamarwa. Suna da araha ƙwarai, amma ba sa ɗaukar manhajojin Windows, ciki har da yawancin na gwajin JAMB da ake sa wa kwamfuta, kuma rabin amfaninsu sai da intanet.

Akwai wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa, wato jerin haruffa. Wadda ta fito daga Faransa, ko ta biyo ta Nijar ko Kwatano, layin samanta da AZERTY yake farawa, ta Jamus kuma da QWERTZ. Cibiyoyin jarrabawa a Najeriya QWERTY suke amfani da shi, kuma a JAMB ana iya zaɓar amsa da madannan A, B, C, D, a ci gaba da N, a koma baya da P. Yaron da hannunsa ya saba da A a wani wuri daban zai sha wahala a banza.

A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin kwamfutar, a kuma rubuta kwanakin garanti a kai, ko da mako biyu ne. Laftof da wani ya tare mutum da ita a bakin hanya, babu caja, babu rasit, da kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba, akwai yiwuwar ta sata ce, kuma wanda aka kama ta a hannunsa shi zai yi bayani a ofishin 'yan sanda.

Masu shago sukan cika kwamfuta da fina-finai da wasanni da manhajojin da aka fasa, a matsayin gyara ga mai saye. Ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fi shiga. Gara a nemi Windows tsantsa. Manhajar tsaro ta Defender tana cikinsa, ta ishi gida. LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. Wanda ƙarfinsa bai kai zubi na takwas ba, zai iya sayen na shida ko na bakwai a sa masa Linux Mint, wadda ita ma kyauta ce kuma ana ci gaba da sabunta ta, sai dai ya fara tabbatarwa manhajar da makarantar yaransa ke buƙata tana aiki a kanta. Windows yana da tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da kuma na Larabci don aikin Islamiyya, duk daga saiti ake ƙara su ba da ko kwabo ba.

Data ma kuɗi ce, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Laftof da aka jona da waya tana iya shanye datar wata guda a dare ɗaya wajen sabunta kanta. A saitin Wi-Fi akwai inda ake nuna mata cewa datar a ƙididdige take, sai ta rage ja. Abubuwa masu amfani da yawa ba sa buƙatar intanet bayan an sauke su sau ɗaya: Kiwix tana ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, Kolibri tana ɗauke da darussan lissafi da kimiyya, GCompris ta ƙananan yara ce, Scratch kuma, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta samar, tana koya wa yaro tushen rubuta manhaja.

Mallakar na'urar kaɗai ba ta ƙara wa yaro karatu. A 2007 an raba wa ɗaliban wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan laftof na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya assasa. Ƙasar Peru ta rungumi shirin sosai, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi da harshe ba, duk da cewa yaran sun ƙware da na'urar. Abin da ke kawo bambanci shi ne abin da aka sa yaro ya yi da ita da wanda ke duba shi. A gidan da maigida ke aikin dare a kamfani, wannan kulawa a hannun uwargida take, don haka ita ma ya kamata ta san kunnawa da kashewa da duba abin da aka buɗe. A yi wa yara asusu nasu dabam wanda ba ya iya sa manhaja, babban asusu da kalmar sirrinsa su zauna a hannun iyaye. A riƙa amfani da ita a falo ko tsakar gida inda ido ke kai. A kuma raba lokaci da adalci, domin in an bar abin haka, babban ɗa namiji ne zai mallake ta, 'yan mata kuwa suna wajen wanke-wanke har batir ya ƙare, alhali jarrabawa ɗaya ke jiransu.

Kada a kashe duk kuɗin adashin a kan kwamfutar kanta. A bar wani abu don jaka mai kauri, maus na waya, soket mai kariya daga hawan wuta, da filash da za a riƙa kwafe ayyukan yara a ciki. Firinta ba dole ba ce, tawadarta ta fi ta tsada a kan lokaci, shagon buga takardu na unguwa ya wadatar. Batirin tokumbo kuma a sa rai za a sauya shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Tsohon da aka cire a bar wa mai gyara, ba a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, domin yana fashewa.